Ba ƙaddara ce ta ci Kiriyon ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na adabi na daren Lahadi ya hana ni barci. Wai baƙon naku cewa yake Kiriyon, sarkin birnin Tibis a tsohon wasan kwaikwayon nan na Girka mai suna Antigoni, shugaba ne kaifi ɗaya, ƙaddara ce kawai ta faɗa masa. Mai gabatarwa kuma sai "ƙwarai kuwa" yake ta jerawa. Haba jama'a!

Wace ƙaddara? Mutum ya hana a binne gawar Folinaikis, ɗan 'yar'uwarsa, ya ce a bar wa karnuka da tsuntsaye. Antigoni ta je ta zuba wa ɗan'uwanta ƙasa, ya sa a toshe ta a kogo da ranta. Ɗansa na cikinsa, Haimon, wanda aka yi wa baiko da ita, ya zo ya lallaba shi da misalin itatuwan bakin rafi: mai sunkuyawa ruwa ya wuce ta, mai tsayawa ƙiƙam a tumɓuke ta har saiwa. Uban ya ce yaro ba zai koya masa hankali ba. Makahon boka Tiresiyas ya gargaɗe shi, Kiriyon ya ce ai kuɗi bokan ya ci. Sai da tsoro ya kama shi ya sauko, ya tarar yarinya ta rataye kanta. Ɗan ya soke kansa da takobi, uwar ta bi shi. Sofokilis, marubucin birnin Atina, ya rubuta wannan wajen shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ko a lokacin mutanen Atina sun san girman kai idan sun gan shi.

Ni na san shi ciki da bai, don na taɓa zama Kiriyon. Ina shugaban wata makarantar kwana na kafa doka: ba mai fita lokacin jarrabawa, ko wane ne. Wani yaro ɗan aji biyar ya tsallake katanga ya tafi jana'izar mahaifinsa. Na kore shi. Mataimakina ya roƙe ni, limamin makaranta ya roƙe ni, har tsohon maigadinmu ya durƙusa a bakin ofis da hularsa a hannu, yana cewa "Ranka ya daɗe, maraya ne fa." Na ce idan na janye, gobe wa zai ji maganata? Har yau ina ganin yaron da akwatin ƙarfe a ka, takalmi ɗaya ya tsinke, yana fita ƙofa. Bayan sati biyu na aika a kira shi, aka ce ya bi kawunsa kudu. Bai dawo ba. Tun daga ranar, in na shiga ɗakin malamai sai hira ta mutu.

To a gaya wa baƙonku, ni ba ƙaddara nake kiran wannan ba.

Sannan wannan tallar maganin basir da kuke sakawa har sau uku a shirin rabin awa, don Allah a rage. Ana tsakiyar maganar kogo kuka yanke, da aka dawo mai gabatarwa har ya fara sallama.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, Zariya