Farfesa Reynolds da bututun gilashinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani malami da ɗaliban injiniya suka haddace sunansa ba tare da sun san yadda ya yi aikinsa ba, wato Farfesa Osborne Reynolds, masanin yadda ruwa da iska ke gudana.

An haife shi a Belfast a 1842, kuma abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne, kafin ya shiga jami'a sai da ya yi koyon aiki a wajen wani injiniya mai suna Edward Hayes, sannan ya tafi Kambirij ya karanta lissafi, ya kammala a 1867. Shekara guda bayan nan aka naɗa shi farfesan injiniya a Kwalejin Owens da ke Mancesta, kujerar da ya riƙe har ya yi ritaya a 1905. Ya rasu a 1912.

Gwajin da ya fitar da sunansa a 1883 ba shi da wani tarkace mai tsada. Ya sa bututun gilashi cikin tankin ruwa, ya riƙa sakin ruwan rini siriri a tsakiyarsa. Idan ya buɗe famfo kaɗan, sai rinin ya miƙe sambal kamar zaren da aka ja. Idan ya ƙara buɗewa, sai zaren ya fara karkarwa, can kuma ya watse ya gauraye da ruwan gaba ɗaya. Daga nan ya nuna cewa saurin ruwa, da faɗin bututu, da nauyin ruwan da kaurinsa ne ke haɗuwa su ba da lamba guda wadda ake kira lambar Reynolds, kuma matuƙar ba ta haura kimanin 2,000 ba, ruwa a bututu yana tafiya a natse. Da ita ake auna ƙarfin da ke salwanta a hanya kafin a zaɓi bututu da injin tura ruwa.

Kukana, Malam Edita, shi ne na shafe shekaru ina koyarwa a wata kwalejin fasaha inda ɗalibai ke lissafa wannan lamba a allo ba kuskure, alhali ba su taɓa ganin zaren nan da idonsu ba, wai na'urar ta lalace ana jiran kasafi. Ranar da na gaji da jira, na haɗa jarka da tiyo mai garai-garai da sirinji da bular wanki. Da zaren ya watse, ajin ya yi tsit, sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, a sake." Mun sake har sau huɗu.

Ina kira ga shugabannin sassan injiniya da su sa kowane aji ya haɗa irin wannan da hannunsa tun a zangon farko, kafin a rubuta lambar a allo.

Wassalam,
Wani tsohon malamin kwalejin fasaha, Zariya