Shaguna a ƙasan laburare? Haba Malam Edita

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki.

Wallahi tun daren da kuka yi shirin nan abin yake cina a rai, shi ya sa na ce bari dai in rubuto. Baƙon naku ya yi ta nanata cewa wai in an gama gyaran babban laburaren aka zuba shaguna a hawan ƙasa wurin zai farfaɗo, kuɗin haya kuma ya riƙe ginin, mai gabatarwa kuma sai "haka ne, haka ne" yake yi, bai ko tambaye shi ba, to mutanen da ke zama a ƙasan yanzu ina za a kai su?

Ni na san ƙasan nan ciki da bai. Mu tara muka tashi a ɗaki biyu, babu inda za ka buɗe littafi ƙanne ba su hau ka ba, a teburin da ke bakin taga na yi duk karatun jarrabawar fita sakandare, daga safe har ma'aikaci ya zo ya ce yaro tashi za mu rufe. Babu wanda ya taɓa cewa in sayi wani abu kafin in zauna, da an ce haka da ban zauna ba don ko sisi ba ni da shi. A nan ƙasan dattawa ke karanta jarida, akwai wani baba mai sanda da ba ya fashi, yanzu shi za a ce ya hau bene hawa biyu don a samu wurin jera kaya? Lif ɗin ma na sha tarar da shi a lalace. Ɓangaren yara ma a ƙasa yake, duk Asabar nake kai 'yata, kuma na san halin yara, in sai mun ratsa ta gaban shaguna kafin mu kai ga littafi to kuka da "Baba saya min" za mu fara da shi, uban da ba shi da hali kuma zai daina zuwa ne kawai, ba zai faɗa wa kowa dalili ba.

Baƙon naku ya kawo misalin laburaren Salt Lake City a Amurka. E, akwai shaguna a can, amma sabon gini ne fil da aka buɗe a 2003, tun a zane aka ware wa shagunan wurinsu, ba a ƙwace wa mai karatu kujerarsa ba. Me ya sa bai faɗi na laburaren Donnell a New York ba? An rufe shi a 2008 bayan an yi cinikin ginin, otal ya tashi a wurin, sai 2016 aka buɗe wanda ya maye gurbinsa, shekara takwas mutane suna jira, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku ne na girman tsohon, yawancinsa ma a ƙarƙashin ƙasa. Da zancen neman kuɗin gyara aka fara can ma.

Kuma ɗan haya ai ba baƙo ba ne da zai zauna shiru, zai so allon talla a ƙofa, zai so kiɗa, zai so a sauke masa kaya da rana tsaka, in ka hana shi ya ce kuɗinsa ya biya. Ranar da ciniki ya mutu kuma ya kwashe kayansa ya bar mana shago a kulle, alhali an riga an rushe ɗakin karatun. Rufin da ke yoyo da banɗakuna da wayoyin wuta muka ce a gyara mana, su kenan fa. Don Allah ku dawo da maganar, wannan karon ku gayyato ma'aikacin laburare ko ɗalibi guda, ba mai zanen gini kaɗai ba.

Sannan Malam Edita, wannan layin waya naku. Sau shida na kira a daren, sau biyu ya shiga, ina sallama aka katse ni aka sa talla. Mutane ukun da kullum ake ɗauka su aka sake ɗauka, kowa ya yi minti biyar yana gaishe-gaishe. A duba wannan ma.

Naku,
Mai sauraronku na kullum