A Kula da Abin da Ake Fesa wa Makunnan Kayan Lantarki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu gyaran rediyo, talabijin, amfilifaya da kwamfuta, da ma masu taɓa kayansu da kansu a gida, kan ɗabi'ar nan ta ɗaukar duk gwangwanin feshin da hannu ya kai gare shi a fesa wa makunni ko mahaɗar wuta da zarar ta fara gardama. Sau da yawa abin yakan yi aiki nan take, mai kaya ya tafi yana sa albarka, amma ba a daɗe ba sai matsalar ta dawo fiye da yadda take a da, wani lokacin ma har robar makunnin ta tsage.

Kafin a zaɓi abin wankewa, ya kamata a fara sanin abin da ya hana wutar wucewa. Wani lokaci ƙura ce da maiƙon hannu kawai suka taru. Wani lokaci kuma ƙarfen ne da kansa ya yi tsatsa, domin jan ƙarfe da tagulla suna dusashewa idan iska da danshi suka daɗe suna taɓa su, azurfa kuma tana yin baƙi idan ta haɗu da sinadarin farar wuta (salfa) da ke cikin iska. Wannan ɓawon ba ya da kauri ko kaɗan, amma ya isa ya tare 'yar ƙaramar wutar da ke ɗauke da sauti ko saƙo, shi ya sa ake jin ƙararrakin nan idan an murɗa bolum, ko kuma lasifika ɗaya ta ɗauke sai an bubbuga akwatin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne amfani da man feshin da ake kwance kusoshi masu tsatsa da shi, irin su WD-40. An yi wannan man ne domin ya kori ruwa ya kuma bar maiƙo a jikin ƙarfe, kuma wannan maiƙon shi ne ke kama ƙura har ta zama danƙo a cikin makunni. Shi kansa kamfanin da ke yin WD-40 yana da wani feshi daban da ya keɓe domin mahaɗan wuta, wanda hakan ya isa ya nuna cewa ayyukan biyu ba ɗaya ba ne. Abin da ya fi wannan muni shi ne fetur, kananzir, tina, da ruwan wanke kabureta ko na birki. Baya ga haɗarin gobara, da yawansu suna ɗauke da asiton ko makamancinsa, wanda ke narkar da irin robar da ake yin jikin kayan lantarki da ita, ya goge rubutun da ke kan fuskar na'ura, ya kuma sa robar ta yi rauni ta yadda ba za ta fashe a ranar ba sai daga baya.

Idan dauɗa ce kawai, babu abin da ya kai sifirit ɗin da ake rubuta IPA a jikin kwalbarsa, da sharaɗin ya kasance mai ƙarfin kashi 99 cikin ɗari ko kusa da haka. Mai kashi 70 da ake goge fata da shi kafin allura, kusan kashi 30 ɗinsa ruwa ne, ba ya saurin bushewa, kuma ruwan da ya maƙale a lungu shi ne zai haifar da sabuwar tsatsa. Sai dai sifirit ba ya cin tsatsar da ta riga ta kama ƙarfe. Wannan aikin na sinadaran da aka yi musamman domin hakan ne, irin su DeoxIT D5 ko Kontakt 60, kuma shi na biyun ana so a ɗauraye shi bayan ya gama aikinsa, sannan a bi da mai kare ƙarfen. A ganina ɗigo ɗaya ko biyu da aka sa a daidai wurin, sannan aka yi ta kunnawa da kashewa har ƙarfen ya goge ɗan'uwansa, ya fi a yi wa allon na'ura wanka da rabin gwangwani.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne a kan abin murɗa bolum da maɓallan da ake ja sama da ƙasa a jikin mikisa, wato na'urar haɗa sauti. A cikinsu akwai wata siririyar hanya ta baƙin kabon wadda ɗan harshen ƙarfe ke bi ta kanta, kuma masana'anta tana sa mai a kan hanyar da kuma giris a jikin sandar da ake murɗawa, wanda shi ne ke ba da wannan nauyin mai daɗi idan ana murɗawa. Feshi mai ƙarfi yana wanke su duka biyun, sai a ji bolum ɗin ya yi sakwa-sakwa a hannu, harshen kuma ya riƙa kankare kabon ɗin a bushe har ya cinye shi. Saboda haka wannan wurin yana buƙatar feshin da aka rubuta cewa domin shi aka yi, mai barin ɗan mai kaɗan, kamar DeoxIT F5. Haka kuma a nisanta feshin silikon daga rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kanta, da duk makunnin da ke fitar da tartsatsi, domin zafin tartsatsin yana mayar da silikon ya zama wani abu mai kama da yashi wanda wuta ba ta ratsa shi.

Mahaɗan da aka shafa wa zinari, kamar haƙoran katin ajiya na kwamfuta, ba sa tsatsa, kuma shafen nasu bai kai kaurin gashi ba ko kusa, don haka samfefa ko bakin sukudireba zai kankare shi ne gaba ɗaya ya bar ƙarfen ƙasa a fili. Tsumma mai tsabta da ɗan sifirit sun wadatar. Makunnin babbar wuta kuwa da ya ƙone ya yi ramuka, babu feshin da zai dawo da shi, sauya shi ake yi.

Ina kuma tunatar da 'yan'uwana masu sana'a cewa tun bayan yarjejeniyar Montreal ta shekarar 1987, wadda ta kai ga daina amfani da sinadaran da ke lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, yawancin feshin da ake samu yanzu masu kama wuta ne. Don haka a zare filogi, a cire batir, a tabbatar manyan kafasitoci, wato sassan da ke tara wuta a cikin na'ura, sun sauke wutar da suka riƙe, a yi aikin a inda iska ke shiga nesa da ƙarfen soda mai zafi da ake liƙa waya da shi, a gwada sabon feshi a wani ɓoyayyen gefe na robar, kuma kada a mayar da wuta sai komai ya bushe sarai.

Na gode da wannan dama da aka ba ni.

Naku,
Wani mai gyaran kayan lantarki