Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙaramin Jakadan Najeriya a Atlanta Kan Shirin Guguwa

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Lokacin guguwar Tekun Atlantika na kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma 'yan'uwanmu da yawa na zaune a Houston, New Orleans da biranen Florida. Roƙonmu shi ne ofishinku ya fitar da saƙon murya da Hausa da sauran harsunanmu, ya bi ta masallatai, coci-coci da zaurukan WhatsApp kafin Yuni, domin sabon zuwa ba ya gane gargaɗin hukuma sai iska ta iso ƙofa.

A fara da janareta, don nan sabo ke cutar da mu. A gida mun saba ajiye shi a baranda ko gindin taga. Gidajen Amurka kuwa a toshe suke, iska ba ta ratsawa. Hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari marar launi, wadda ke farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Mutum ya ɗauka gajiya ce, ya kwanta, bai farka ba. Da guguwar Beryl ta faɗa wa Texas ranar 8 ga Yuli 2024, gidaje da shaguna sama da miliyan 2 suka rasa wuta a yankin Houston, asibitoci suka yi ta karɓar waɗanda hayaƙin ya buge. Ƙa'idar ita ce a ajiye shi a fili, ƙafa 20 daga ƙofa da taga, bakin salansa na kallon waje. Gareji bai halatta ba ko da a buɗe yake. A sa na'urar ƙararrawa mai batir da ke gano wannan gubar kusa da ɗakin kwana, a bar injin ya huce kafin a ƙara masa fetur, kuma kada a jona shi da soket ɗin bango, domin wutar na komawa layi ta kashe mai gyara. Murhun gawayi ma waje ne wurinsa.

Ruwan sha galan ɗaya ne ga kowane mutum a rana, kusan lita 4. Gidan mutum 6 na buƙatar galan 42 na mako guda. Na alwala da bayan gida dabam ne, a cika bahon wanka tun famfo na zuba. Firji a rufe yana riƙe sanyi awa 4, firiza cikakkiya awa 48, saboda haka a daskarar da robobin ruwa a cike gurbi. A tanadi maganin hawan jini da na suga, tsabar kuɗi, tocila, a cika tankin mota. Liƙa salatif a gilashin taga aikin banza ne, katako ake bugawa.

Yawancin waɗanda guguwar Harvey ta kashe a 2017 ruwa ne ya ci su, da dama a cikin mota. Ruwa mai gudu da ya kai ƙafa ɗaya yana ɗauke ƙaramar mota. Inshorar gida da ta 'yan haya ba sa biyan ɓarnar ambaliya, wadda ke biya kuma sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki. Wannan kaɗai ya isa a yi sanarwar tun watan Afrilu.

Ya kamata kowa ya san ko unguwarsa na cikin yankin da ake kwashe mutane idan guguwa ta taso. A 2005 tsoron guguwar Rita ya sa jama'a suka fito gaba ɗaya, hanyoyi suka cushe, zafi ya hallaka mutane a cikin cunkoson. Tsofaffi da masu lalura a Texas su kira 211 a yi musu rajistar neman agaji.

Abin da ke hannunku kai tsaye shi ne fasfo. A shawarci mutane su sa shi cikin leda mai zik tare da takardun zama, su ɗauki hotonsu a waya, ku kuma ku sanar da lambar gaggawa da hanyar sauya wanda ruwa ya lalata ba tare da dogon jira ba.

Allah ya taimake ku, ya tsare mu baki ɗaya.

Daga wasu ma'aikatan lafiya da agajin gaggawa 'yan Najeriya mazauna Houston.