Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Ɗaukar Hoto

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, shugabanni da sauran 'yan'uwa masu ɗaukar hoto na ƙauyukan ƙasar Gumel da kewaye, ga abin da kwamitin gudanarwa ya tattara na ayyukan shekarar da Allah ya nuna mana ƙarshenta.

Taron wata-wata ya gudana yadda aka tsara, in ban da lokacin shuka da na girbi da yawancinmu ke gona. Kuɗin wata ya shigo, ko da yake akwai waɗanda ake bi bashi, kuma ma'aji zai karanto lissafi dalla-dalla a zaure. An je ta'aziyyar 'yan'uwan da aka yi wa rasuwa, Allah ya jiƙansu. Aiki kuwa shi ne wanda aka saba: bikin aure da suna bayan kaka, saukar Alƙur'ani, hoton fasfo na ɗalibai masu rajistar jarrabawa, hawan sallah, da cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Abin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne koyar da ɗaura lensi a jikin kyamara. Wani zai ce ai wannan ba abin zaman taro ba ne. Amma da muka bi bayanin kyamarorin da mambobi suka kai gyara Kano, sai muka ga yawancinsu ba faɗuwa suka yi ba, ba kuma ruwa ne ya dake su ba. Ɓarnar tana aukuwa ne a 'yan daƙiƙun da ake cire lensi a sa wani, ana sauri, ango na jira. Ga kuɗin mota, ga na gyara, ga aikin da ya wuce ka.

Ga tsarin da muka maimaita har ya zauna a hannun kowa. Ka kashe kyamara tukuna, domin akwai wuta a 'yan ƙarafunan nan masu ruwan zinare da ke bakinta, su ne hanyar da take magana da lensi. Ka sassauta murfin bayan lensin da za ka sa, ya kasance a shirye kusa da kai. Ka juya wa iska baya, ka kifa bakin kyamara ƙasa. Danna maɓallin da ke gefen baki, murɗa tsohon lensi, zare shi, nan take ka sa sabon. Sai ka daidaita alamar da ke jikin lensi da wadda ke bakin kyamara, ka tura shi a miƙe, ka murɗa a hankali har ka ji ya ce ƙas. Wannan ƙarar ta ɗan ƙarfen kulle ce da ya faɗa raminsa. Wanda bai ji ta ba bai gama ba, kuma irin wannan lensin ne ke sulɓewa ya daki ƙasa ana tsakiyar kamu. A ƙarshe ka rufe bayan wanda ka cire, kada ya shiga jaka tsirara.

Wajen alama da murɗawa ne aka fi rikicewa, musamman masu aron kayan juna. A Canon, lensin EF, wanda aka fara tun 1987, jan ɗigo gare shi. EF-S farin murabba'i. RF da ya zo a 2018, na kyamarori marasa madubi (tsofaffin suna da ɗan madubi a ciki, bayan lensi), kuwa jan layi. Idan kana kallon gaban kyamara, Canon da Sony dama ake murɗa su, yadda hannun agogo ke tafiya. Nikon kuwa hagu ake yi, haka bakinta na F yake tun 1959. Hannun da ya saba da Canon in ya karɓi Nikon sai ya murɗa a baibai, ya ji tauri, ya ƙara ƙarfi. Lensin da ya dace da wurinsa shiga yake sumul. Da zarar ka ji yana cijewa, tsaya ka zare ka sake duba alama. Ƙananan lensin 18-55 da ke zuwa tare da kyamara bayansu na roba ne, kunnuwa uku ke riƙe da su, kuma ɗaya ya ɓalle shi ke nan sai lensin ya riƙa girgiɗi.

Mun kuma daɗe a kan wane lensi ke hawa wace kyamara, saboda 'yan'uwa da yawa na gwanjo suke saye. EF-S ba ya hawa Canon masu babbar sensa (farantin cikin kyamara da haske ke sauka a kai ya zama hoto) irin 5D da 6D: gindinsa ya fi shiga ciki, da zai hau da madubi ya buge shi, shi ya sa aka ƙera shi yadda ba zai ɗauru ba. Nikon irin D3100 da D5100 ba su da injin fokas a jikinsu, don haka tsohon lensi mai rubutun AF-D zai ɗauru amma sai dai ka yi fokas da hannu. AF-S za ka nema, shi yana da injin a jikinsa. Masu komawa kyamara marar madubi kuma su kwantar da hankali, tsofaffin lensinsu za su yi aiki da adafta, wato zoben da ake sawa tsakanin lensi da kyamara. Dalili shi ne tazarar baki zuwa sensa a EF milimita 44 ce, a RF kuwa 20, adafta tana cike ragowar. Amma lensin RF ba zai koma kan tsohuwar kyamara ba. Shawarar ƙungiya: kada ka biya kuɗin lensi sai ka ɗaura shi a kyamararka ka ɗauki hoto a gaban mai sayarwa.

Idan Canon ta rubuta Err 01, ko lambar buɗewar ido, wato kafar da haske ke bi a cikin lensi, ta koma 00, yawanci datti ne ko gumin hannu a kan ƙarafunan maganar nan. Kashe, cire lensi, goge su da busasshen ƙyalle mai laushi, mayar. Idan Nikon ta nuna fEE, zoben lensi ne ba a kai shi lamba mafi girma ba, kamar 16 ko 22. Juya shi can ka kulle.

Sai babbar abokiyar gabarmu, ƙura. Daga shigowar hunturu har bazara iskarmu ba ta rabuwa da ita, ranar hawa kuma dawakai su tayar da tasu. Matsayar da muka cimma ita ce ba a canza lensi a filin hawa ko a kara ta shanu. Ka zaɓi mai zuƙowa guda tun daga gida, irin 18-135 ko 70-300, ka wuni da shi. In ta kama dole, shiga ɗaki ko mota. Gane ƙura a sensa ba wuya: sa lambar ido a 16 ko 22, ɗauki farin bango, ka zuƙo hoton. Baƙin ɗigon da ke wuri ɗaya a kowane hoto, ko ka canza lensi, a sensa yake. Kada a hura da baki, yawu ya fi ƙura ɓarna. Kada a sa auduga ko bakin riga. Ƙungiya ta sayi famfon iska na roba da sandunan goge sensa, suna hannun sakatare, kuma ba a bayar da sandunan sai ga wanda ya halarci koyarwa.

Da damina kuma laima ce ke sa fumfuna ta yi saƙa kamar yanar gizo a cikin gilashi. A ajiye lensi a robar da ke rufuwa ruf tare da 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi, nesa da randa. Masu hawa babur su cire dogon lensi kafin su kama hanyar burji, domin 70-200 mai f/2.8 nauyinsa ya kusa kilo ɗaya da rabi, jijjiga kuwa a bakin kyamara take ƙarewa.

Abin da ba mu samu yi ba shi ne tura ɗaya daga cikin yaranmu koyon gyara a Kano. Kuɗin bai kai ba, mun ɗage zuwa baɗi. A taro mai zuwa kowa ya zo da kyamararsa da duk lensin da ya mallaka, batir a cike, za a yi wa kowace gwajin farin bango kafin sanyi ya kankama.

Kwamitin Gudanarwa