Kafin A Haƙa Harsashi, A Zauna Da Biro Da Takarda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Ni magini ne, haifaffen Aboabo a nan Kumasi. Da ɗaukar kwanon kankare a ka na fara tun ina saurayi, na yi shekaru ina bin maigidana kafin ya yaye ni, yanzu kuma ina karɓar ƙananan kwangiloli na gidajen zama da shaguna, wani lokaci da ajujuwan Islamiyya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da nake yawan ji a wajen suna da ɗaurin aure, wai duk ɗan kwangila macuci ne. Akwai maciya amana a cikinmu, ban musa ba. Amma mafi yawan kuɗin da na ga ya salwanta a wurin gini, rashin shiri ne ya cinye shi.

Akwai ranar da ba na mantawa. A Sawaba ne, gidan bene na wani bawan Allah da ke neman kuɗi a Italiya. Ranar zuba dekin ta zo, na tara leburori 18, na yi hayar injin kwaɓa, ga siminti a jibge, ga yashi, ga tsakuwa, an ɗaure rodi tsaf. Abu ɗaya ya rage, ruwa. Mai tanka ya yi mini alkawarin zai iso da asuba, bai iso ba sai bayan azahar. Ina tsaye ina kallon ƙarti 18 a gindin mangwaro, kowannensu kuɗin yini zan biya shi, mai inji kuma yana duba agogo. Da muka fara, ba dama mu tsaya a tsakiya, don kankaren da ya bushe ba ya haɗuwa da sabo yadda ya kamata, nan ne ruwa zai riƙa bi. Haka na nemo janareta da fitilu, muka kai har tsakar dare, na ƙara wa kowa kuɗi daga aljihuna. Tun daga ranar ba na kiran lebura ko ɗaya sai na ga tankunan ruwa cike a wurin, sun kwana.

Daga nan na sayi littafi. Kowane aiki yana da shafukansa, na raba shi mataki-mataki: harsashi, jera bulo zuwa linta, dekin, rufi, yaɓe. A ƙarƙashin kowane mataki ina rubuta buhu nawa, tifa nawa, rodi mai wane kauri, mutum nawa, kwana nawa, da kuma wanda dole ya gama kafin wani ya shigo. Wannan na ƙarshen ne ake yawan yi wa sakaci. Mai wayarin da mai aikin famfo, kafin a zuba kankare ya kamata su shimfiɗa bututunsu. Sau nawa na shiga gida na tarar an gama yaɓe sumul, sai ga yaro da guduma yana fasa bangon don a wuce da waya! An biya kuɗin yaɓe, an biya na fasawa, za a kuma biya na gyara.

Sai yanayi. A nan damina biyu gare mu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Wanda ya haƙa harsashi a watan Yuni a gangaren da ke kusa da rafin Aboabo, da safe zai tarar da ramin ya cika maƙil, gefensa ya zabtare. Ni dai in an ba ni zaɓi, haƙa da zubi a rani ko a ɗan sararin watan Agusta, in an rufe kwano kuma aikin ciki ya ci gaba ko ana tsuga ruwa. Ga kuma lungunanmu na Zango da tifa ba ta iya shiga. A bakin titi za ta juye yashi, aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta riƙa kwasa, kuma wannan jigilar kuɗi ce da ya kamata ta shiga lissafi tun farko. Katako ma daga Sokoban da sassafe nake ɗauko shi, kafin hanya ta cushe.

A 2022 muka ƙara koyon darasi, lokacin da darajar sidi ta faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Farashin da ka ba mai gida yau, bayan mako biyu ya zama tatsuniya. Waɗanda na ba shawara suka ji, da kuɗi ya shigo sai mu fara sayen rodi da kwano, don suna ajiyuwa. Siminti kuwa ba ya son jira. Buhun kilo 50, ko na Ghacem ne ko na Dangote, in ya daɗe a ɗaki mai laima sai ya dunƙule, ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa nake sayen na mataki ɗaya kawai, in ɗora shi a kan katako, nesa da bango.

Amma fa akwai inda sauri ba shi da amfani, kuma a nan nake yawan saɓawa da masu gida. Kankare yana buƙatar a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, musamman da hunturu, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Ni ba na cire sandunan gora da aka tokare dekin da su kafin mako uku. Wani Alhaji ya taɓa kirana ta WhatsApp daga Jamus, ya ce in cire bayan kwana 8 a hau jera bulo, don yana so ya zo Sallah ya tarar da bene. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, iyalinka ne za su kwana a ƙarƙashinsa." Ya yi fushi kwana biyu, sannan ya sauko. Duk wanda ya ga hotunan ginin kantin nan da ya rushe a Achimota, a Accra, a watan Nuwamba na 2012, inda mutum 14 suka rasa rayukansu, ya san abin da nake tsoro.

Roƙona ga 'yan'uwanmu da ke turo kuɗi daga waje shi ne, kada ku saki ko sidi ɗaya sai an ba ku takarda mai ɗauke da matakai da kayan kowane mataki. Ku biya mataki ɗaya, a nuna muku shi a bidiyo tare da rasit, sannan ku turo na gaba. Ku nemi izinin gini daga majalisar yankinku tun kafin a sa diga a ƙasa, domin in aka zo aka rubuta muku umarnin dakatarwa da jan fenti a bango, siminti ba zai jira ku gama zirga-zirgar ofis ba. Zanen gida kuma a kai wa injiniya ya duba, kuɗinsa bai kai na fasa ginshiƙi ɗaya ba.

Yaran da ke koyon aiki a hannuna, yanzu da littafin nake fara su kafin cokalin gini. Babbansu ne ya rubuta lissafin dekin da za mu zuba ranar Asabar a Asokore Mampong, in Allah ya kai mu. Na duba, buhu biyu kawai na gyara masa, kuma jiya da yamma shi da kansa ya kira ni ya ce an cika tankunan.

Na gode.

Naku,
Wani magini,
Aboabo, Kumasi