Amsa ga Malamin da ya kira mu 'yan ci-rani a Ikko

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa, na saurari shirinka na rediyo inda ka kama sunana, ka tambaya da wace hujja nake kiran kaina ɗan Ikko, wato Legas. Ka ce gari ne na Yarbawa wanda Turawa suka gina, mu kuwa ci-rani ya kai mu, muka shantake har muka zubar da asalinmu. Ka ƙara da cewa Hausar 'ya'yanmu ta gurɓace. Wannan ta ƙarshe ba zan tsaya a kanta ba, domin yaron da ke ciniki da Yarbanci kuma ya yi karatun allo da Hausa ba abin tausayi ba ne. Batun ci-ranin ne ya ƙona mini rai. Ɗan ci-rani yakan koma gida da faɗuwar damina. Ni kuwa a Agege, nan cikin Ikko, aka binne kakana, wanda fataucin goro ya kawo, a nan kuma aka haifi mahaifina.

Da farko, Turawa ba su gina Ikko ba. Sun tarar da gari da sarkinsa, ƙasar Yarbawan Awori wadda masarautar Benin ta taɓa yi wa iko, kuma 'yan Fotugal sun daɗe suna lodin bayi a gaɓarta. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka mayar da Akitoye kan gadon sarauta. A 1861 suka matsa wa ɗansa Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa musu garin. Shekara biyu bayan haka, a 1863, wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya kafa rundunarsa da Hausawan da ke Ikko, yawancinsu bayi da suka gudu daga iyayengijinsu. Daga wannan 'yar runduna sojan Najeriya yake ƙirga asalinsa. Ba alfahari nake yi da duk abin da suka aikata ba, tunda an yi amfani da sojojin Hausawa a yaƙin Ijebu a 1892 da kuma yaƙin Asante. Abin da nake so ka gane shi ne, Bahaushe yana Ikko shekara 40 kafin Bature ya ci Kano da Sakkwato a 1903.

Akwai ma waɗanda suka shigo ta teku. An kai Hausawa da Yarbawa bauta Bahia a ƙasar Brazil, kuma bayan tawayen da Musulmi suka yi a can cikin azumin 1835, 'yantattun bayi da dama suka kamo hanyar gida, wasu suka sauka Ikko. Su ake kira Aguda, su suka kawo salon ginin da har yau ake gani a tsibirin Legas. Ga kuma Saro da suka taso daga Saliyo. In Allah ya kawo ka, je ka yi salla a Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Mohammed Shitta, haifaffen Saliyo, shi ya ba da kuɗin ginin, maginin da ya dawo daga Brazil ya ɗora shi, Sarkin Daular Usmaniyya kuma ya aiko Abdullahi Quilliam, Baturen Liverpool da ya musulunta, ya wakilce shi wajen buɗewa. Irin garin da kake cewa ba mu da gurbi a cikinsa ke nan.

Da layin dogo ya isa Kano a 1911, gyaɗa da fatu da shanu suka riƙa gangarowa, goro yana haurawa. Wa kake tsammani ya riƙe dillancin a wannan bakin? Iyayenmu ne, a Agege da sauran unguwannin da muke da sarakunanmu na Hausawa har gobe. Ban taɓa cewa Ikko gari ne marar mai shi ba, kuma ina ƙyamar masu faɗin haka. Ƙasar Yarbawa ce, muna girmama sarakunanta. Amma guminmu yana cikin abin da ya mayar da ita birni.

Malam, ka san ni, ka san shekarun da na yi ina shiga tsakani duk lokacin da rigima ta tashi a kasuwa. Shi ya sa na yi imani ba neman sani ya sa ka yi tambayar ba, neman masu saurare ne, domin zagin Hausawan kudu yana da kasuwa a wajenku. Ina kuke lokacin da aka kashe mutane a nan Ikko, a unguwar Idi-Araba a 2002, ko a Mile 12 a 2016? Manyan Arewa ba sa tuna mu sai zaɓe ya ƙarato, su zo neman ƙuri'a.

Ga abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Yaron da aka haifa a Agege, in ya nemi takardar shaidar ɗan asalin jiha a nan, sai a ce ya tafi garin kakansa. In ya je can, sai a ce ba a san shi ba, ɗan Legas ne. A haka gurbin jami'a da aikin gwamnati suke wuce shi. Tunda kana da makirufo, ka gayyato shugabannin ƙananan hukumomin jiharku ka tambaye su wannan, ni kuma a shirye nake in zo mu zauna gaba da gaba.

Wassalam,
Ɗan'uwanka daga Agege